Harsasai na cijewa a bindigar Lee-Enfield idan na loda da maƙali

Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, ina da lasisi, kuma kwanan nan na sayi Lee-Enfield No. 4 Mk I ƙirar 1943 don wasan harbin saiti. Mai cin harsashi .303 ce, gidan harsashinta na ɗaukar goma.

Matsalar maƙalin ƙarfen nan ne mai ɗaukar harsashi biyar-biyar, wanda ake loda ta da shi. Na farko yana shiga da ƙyar. Na biyu kuwa sai ya tsaya a harsashi na uku, in danna har babban yatsana ya yi ja. In ma sun shige, leɓen gindin na sama yakan faɗa bayan na ƙasa, sakatar da ke tura harsashi ta ƙi tafiya gaba.

Na jera su yadda aka saba, na 1 da 3 da 5 a ƙasa, na 2 da 4 a kansu. Na gwada jerin matakala, wato leɓen kowanne a gaban na ƙasa da shi, abin ya fi muni. Na goge cikin maƙalai uku da samfefa, sun ɗan yi santsi, shi ke nan. Da hannu ɗaya-ɗaya kuwa goman lafiya lau suke shiga, shi ya sa ban zargi sifirin ɗin da ke tura harsasai sama a cikin gidansu ba. Duk a gida nake gwajin, da harsasai marasa albarushi.

Don Allah, a ina daidai ake ɗora yatsa a kan harsashin sama lokacin dannawa? Na gode.