Htein Lin na Myanmar: wanke 'yan Buddha yake da zanensa ko tona wa sojoji asiri?

Baban Ummi:
Jama'a ni fa abin nan ya tsaya min a rai tun da Maman Khalifa ta fara yabon mai zanen nan na Myanmar, Htein Lin, wai ya haɗa fafutukar kare haƙƙin mutane da koyarwar addinin Buddha. Ni ra'ayina a fili yake, duk wanda ya fito daga ƙasar nan yana nuna wa duniya addinin Buddha da fuskar haƙuri da tausayi bayan abin da aka yi wa Musulman Rohingya na jihar Rakhine, to wanki yake musu, ko ya sani ko bai sani ba. A 2017 sama da mutum 700,000 aka kora zuwa Bangladesh, an ƙona ƙauyuka, limamansu irin su Wirathu suna zuga jama'a a wa'azi. Sai kuma a zo a ce mana zane

Maman Khalifa:
Baban Ummi ka dai ji sunan ƙasar ne jininka ya hau, amma mutumin ba ka duba shi ba. Yana cikin ɗaliban da suka yi wa mulkin soja bore a 1988, ya gudu daji ya shiga cikin ɗalibai masu ɗauke da makamai, a can 'yan uwan nasa na gwagwarmaya suka zarge shi da wasu da leƙen asiri suka azabtar da su har aka kashe wasu. Ya tsira daga nan, 1998 kuma sojoji suka kama shi bai fito ba sai 2004. A gidan yarin ba takarda ba buroshi, farin kayan fursuna ne allonsa, yana shafa fenti da sirinji da laita da yatsunsa da sabulun da ya sassaƙa, haka ya yi zane ɗaruruwa ana fitar da su a ɓoye. Sabulun ma kansa yakan fafe shi ya fitar da ɗan mutum a takure a ciki kamar an kulle shi a ɗaki. Wannan ne mai yi wa sojoji wanki?

Baban Ummi:
Hajiya ban ce sojoji ba, na ce addinin. Kada ki canza min magana

Abu Sadiq:
To ni inda ban gane ba, ina Buddhan yake a ciki? duk abin da aka lissafa labarin fursunan siyasa ne kawai, ko a wace ƙasa ana samu

Malam Ɗanjuma:
Yana ciki Abu Sadiq. Akwai wata ibada tasu da suke kira vipassana, mutum ya zauna shiru yana bin numfashinsa yana lura da duk abin da jikinsa ke ji, zafi ne ko ƙaiƙayi ko tsoro, ba ya gudunsa ba ya kuma riƙe shi. Htein Lin ya riƙe wannan tun yana tsare. Kuma in ka kalli babban aikinsa da ya fara a 2013 za ka ga alamar wannan zaman. Tsofaffin fursunonin siyasa yake nema ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe hannun mutum da farin simintin nan da ake sa wa mai karaya a asibiti, to kafin ya bushe dole ka zauna ba motsi, a wannan zaman mutum ke ba da labarinsa, wane kurkuku, shekara nawa, me aka ce ya yi. In ya bushe a tsaga a zare hannun, ƙwanson ya rage da bayanin mai shi. Ɗaruruwa ya tara an jera a kan kanta. Shi ma karaya ya taɓa samu a hannu lokacin yana Landan, daga nan tunanin ya zo masa. Aikin ba zai yiwu ba sai mutanen sun yarda sun miƙa hannu, shi ya sa ake cewa na jama'a ne ba nasa shi kaɗai ba.

Ɗan Kurmi:
Malam yin surar hannun ɗan Adam ɗin nan fa? ba mutum-mutumi ba ne kuwa

Malam Ɗanjuma:
Wannan wata muhawarar ce daban ɗana, mutumin ba Musulmi ba ne kuma ba fatawa ya zo nema wurinmu ba. Mu tsaya kan abin da Baban Ummi ya kawo.

Baban Ummi:
Yawwa Malam ka ma taimake ni. Bature ya shiga ɗakin baje koli a Amurka ko Ingila ya ga fararen hannaye a jere, ya ji labarin zama shiru da haƙuri da yafiya, ya fito yana cewa kai 'yan Buddha mutanen kirki. Hoton da zai tafi da shi gida ke nan. Na sansanin 'yan gudun hijirar Rohingya a Cox's Bazar ta Bangladesh da mata ke goye da yara cikin taɓo ba ya cikin ɗakin. Kuma kar a manta da yawa cikin tsofaffin fursunonin siyasar nan da ake tausaya wa sun yi gum lokacin Rohingya, ita kanta Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin farar hula a lokacin, da ta yi shekaru 15 a tsare a gida, ba ita ce ta je kotun duniya a Hague a Disambar 2019 ta tsaya wa sojoji ba lokacin da Gambiya ta kai ƙara? To wahalar da mutum ya sha ba ta sa ya zama mai adalci

Maman Khalifa:
Na Suu Kyi gaskiyarka ne, ba mai kare ta a nan. Amma ka ɗauki laifin wata ka rataya wa wani don kawai addininsu ɗaya, wlh Baban Ummi abin da muke kuka da shi kullum ke nan in an yi mana. Ka duba ma su sojojin da kansu wa suka ɗauka nasu. Bayan juyin mulkin 2021 sun saki Wirathu, a Janairun 2023 har lambar girmamawa suka ba shi. Htein Lin kuwa a Agustan 2022 suka sake kama shi shi da matarsa. Su da ke ƙasar sun san wane ne ke musu amfani

Abu Sadiq:
Anti a nan kam zan ɗan ja. Matar tasa Vicky Bowman ce, tsohuwar jakadiyar Birtaniya a ƙasar, kuma ba su yi wata uku cikakku ba aka sake su a afuwar Nuwamba. Dubbai na ciki har yanzu ba wanda ya san sunansu. Ni ina ganin sunan da ya yi a Turai akwai hannun wannan auren a ciki, gsky

Maman Khalifa:
Ƙanina auren a 2006 aka yi, shekara shida da wani abu da ya yi yana zane da sirinji fa, jakadiya ce ta riƙe masa? Kuma yana zaune lafiya a Landan ya tattara ya koma gida a 2013. Waɗanda ka ce ba a san sunansu ba ai su ne yake bi yana rubuta sunayen nasu

Yaya Larai:
Ku bari in sa baki don duk kun tsallake wanda ya fi ba ni sha'awa. A can akwai imanin cewa namiji yana da wata daraja da suke kira hpone, suna danganta ta da ladan da ya tara, wai in ya bi ta ƙarƙashin zanen ɗaurawar mace ko aka haɗa wankinsa da nata to darajar ta zube. Har igiyar shanya daban ake yi, ta mata a ƙasa can baya. Ko mu nan ai kun san masu cewa zanen mace na karya asiri, to irinsa ne. Shi Htein Lin sai ya bi mata yana karɓar tsofaffin zannuwansu, ya zana fuskar mai zanen a jiki, ta faɗi ra'ayinta kan wannan al'ada, ya baje su a Yangon, birni mafi girma a ƙasar, a 2019 maza na shiga suna kallo. Wannan ai ba kwalliya yake wa addinin ba Baban Ummi, daga cikin gida yake taɓa inda ke musu ciwo. Kuma abin dariya, a Maris ɗin 2021 masu zanga-zanga suka riƙa shanya zannuwan mata a igiya suna tare tituna, sojoji da bindiga a hannu sai su tsaya sai an sauke kafin su wuce 😂

Ɗan Kurmi:
Kai Yaya haba 😂😂 soja guda da zani

Malam Ɗanjuma:
Kuma limaman nasu ma ba baki ɗaya suke ba. A 2007 dubbansu suka fito tituna, suka kife ƙoƙon bararsu, ma'ana sun daina karɓar sadaka daga sojoji da iyalansu. A wurinsu wannan babban hukunci ne don ta sadakar nan ake neman lada. Sojoji suka buɗe wuta suka fasa gidajen ibada suka kwashe su. Rigar da Wirathu ke sawa ita waɗannan ma ke sawa.

Baban Ummi:
Malam na ji, Yaya Larai na zannuwan ma na karɓa ban san da shi ba. Amma har yanzu ba ku taɓa tambayata ba. Waɗanda suka kife ƙoƙo a 2007 saboda tsadar mai da dukan da aka yi wa 'yan uwansu limamai a garin Pakokku, ina ƙoƙon yake a 2017? Ba a ga dubbai a titin Yangon don Rohingya ba, taron da aka gani na goyon bayan sojoji ne. Sai da bindigar ta juyo kansu a 2021 sannan wasu matasa suka fara ɗaga kwali suna neman afuwar Rohingya. To ni duk zanen da zai nuna min haƙurin da suka yi da zaluncin da aka yi musu, dole in tambayi wanda aka yi a gabansu

Maman Khalifa:
Tambayar a kan hanya take, amma ka lura ka sauka daga inda ka fara. Da farko cewa ka yi wanki yake musu, yanzu kuma cewa kake aikin bai kai inda kake so ba. Ba ɗaya ba ne

Baban Ummi:
Ban sauka ba Hajiya, wanki kala-kala ne. Ranar da aka jera hannayen Rohingyan Rakhine a kan kantar nan ki kira ni

Yaya Larai:
To ai sai an fara barin mutumin ya je Rakhine ɗin tukuna, yaƙi ake a can yanzu haka tsakanin sojoji da 'yan tawayen Arakan, Rohingyan da suka rage kuma suna tsakiya