Shawarwarin Masu Yawon Kasuwar Kurmi

A wata tattaunawa da aka yi tsakanin waɗanda suka saba shiga Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, shawarar farko ita ce mutum ya je da hantsi, kafin lungunan kasuwar su cushe.

An fi daɗewa a kan tsofaffin kayan gida. Mai neman akushi ya duba ƙasansa da kyau, domin tsagar itace takan ɓuya a ƙarƙashin baƙin launi, sannan ya ɗaga shi ya ji nauyinsa. Tasar tagulla kuwa, wasu sun ce kada ƙyallinta ya ruɗi mai saye, tunda sabuwa ma ana goge ta, kuma a ganina wannan ce shawarar da ta fi amfani. Tsofaffin kwanonin samira da fentinsu ya ɓamɓare sun fi dacewa da ado, ba zuba abinci ba.

Game da kayan miya, an ce a sunsuna daddawa, a zaɓi kuka mai kore shar. A yi tayi cikin ladabi, kuma kada a saya a rumfar farko.