Wace kalma ce ta dace da "fantasi" a Hausa?

Na daɗe ina neman sunan da za mu ba irin ƙagaggen labarin nan da Turawa ke kira "fantasi", musamman wanda ake ginawa a kan tsohuwar duniya, Masar ta Fir'aunoni ko Girka ko Babila, inda sihiri da gumaka ke shiga rayuwar mutane, jigonsa kuma shi ne abin da mutum ke tunawa da yadda yake gane ko shi wane ne.

Wasu sun ce "tatsuniya". Ban gamsu ba, domin tatsuniya ba ta da takamaiman gari ko zamani, Gizo kuma ba ya tsufa, balle abin da ya same shi jiya ya sauya halinsa yau. "Tarihihi" kuwa ana ba da shi ne da imanin cewa ya faru, alhali marubucin "fantasi" bai yi wannan da'awar ba.

Ni "almara" nake goyon baya, ga dalilina. Tarihi ya tabbatar cewa bayan mutuwar Sarauniya Hatshepsut ta Masar, wadda ta rasu wajen shekara ta 1458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an bi an kankare sunanta da siffofinta daga bangon wurin bautarta na Deir el-Bahri, alhali Masarawan da sun ɗauki suna a matsayin wani ɓangare na mutum. To, a ce marubuci ya ƙago wani magini da aka ba wannan aikin, duk harafin da ya kankare da kurfinsa sai wani abu ya ɓace daga zuciyarsa, har wata safiya ya dubi mahaifiyarsa ya kasa kiran sunanta. Bangon gaskiya ne, maginin da mantuwarsa ƙage ne, kuma "almara" ce kaɗai na ga tana iya ɗaukar su tare.

Saboda haka shawarata ita ce mu ce "almarar zamanin da". Jigon kuma mu kira shi "tuni da sanin kai", domin "asali" ya fi karkata ga dangi da tsatso, maginin nan kuwa tsatsonsa bai ɓata ba, kansa ne ya ɓace masa.

Damuwata ɗaya ita ce, a bakin jama'a "almara" kan nufi zancen da ba shi da tushe. Shin wannan ma'anar za ta rage wa kalmar daraja a bangon littafi?