Na'urar leza don auna kwal: a saya ko a dakata?

Injiniya Sani: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Tasharmu tana ƙona kwal daga mahaƙa daban-daban, kuma kafin sakamakon ɗakin gwaji ya fito, kwal ɗin ya riga ya shige tukunyar tururi. An kawo mana tayin na'urar LIBS, mai harba leza a kan bel ɗin da ke jigilar kwal don auna sinadaran da ke cikinsa. Akwai wanda ya san kanta?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Da ita muke aiki. Lezar, galibi irin da ake kira Nd:YAG mai zangon haske na nanomita 1064, tana ƙona ɗan ɗigo a fuskar kwal har ya koma filasma, wato iska mai walƙiya, mai zafin wajen digiri 10,000. Yana hucewa, kowane sinadari yana fitar da nasa hasken: kabon a nanomita 247.9, sodiyam a 589, haidirojin a 656. Daga nan kwamfuta ke lissafa toka da ƙarfin zafi cikin mintuna. Sai dai fa, Injiniya, ɗigon nan bai fi kan allura ba, bel kuwa tan ɗaruruwa yake wucewa da su a awa guda.

Hajiya Rabi: Malam Habu ya taɓo inda gizo ke saƙar. Mu a ɗakin gwaji mun san yawancin kuskure daga ɗibar samfuri yake zuwa. A kan bel gari yakan zauna ƙasa, manyan dunƙule su hau sama, kuma tokarsu ba ɗaya ba ce. Ga danshi: kwal ya jiƙe, filasmar ta yi rauni, lambobi su zame. Ni da za a bi tawa, kada ku ɗora ta kai tsaye a kan bel. Ku sa ta bayan injin ɗibar samfuri mai bin ƙa'idar ISO 13909 ta ƙasa da ƙasa, a niƙa, a matse garin ya zama ƙwaya, sannan a harba. Za a ƙara 'yan mintuna, amma lambar za ta riƙu.

Injiniya Garba: Ni dai PGNAA nake so, na'urar da ke harba ƙwayoyin niyutiron maimakon leza. Niyutiron yana ratsa kwal ɗin har ƙasan bel, ba fuska kaɗai yake leƙawa ba, kuma yana kama farar wuta da kyau. Wahalarsa tushen niyutiron ɗin, wato sinadarin kalifoniyam 252: duk bayan shekara 2.6 ƙarfinsa ya ragu da rabi, sai an ƙaro. Ga lasisi daga hukumar kula da nukiliya, ga horar da ma'aikata.

Malam Habu: A kan farar wuta na ba ka gaskiya. Ga leza, layukan haskenta masu ƙarfi suna wajen nanomita 180 zuwa 182, iskar oksijin kuma tana shanye hasken wurin, dole sai an busa iskar agon. Amma sodiyam da fotasiyam, leza tana jin su tun suna 'yan kaɗan.

Musa: Gafarta manya, XRF fa, mai aiki da hasken X-ray? Ba ta fi sauƙi ba?

Hajiya Rabi: Musa, tana da kyau ga silikon, ƙarfe da kalsiyam na cikin toka. Kabon da haidirojin ne suka fi ƙarfinta, su ne kuma masu ba da zafin.

Injiniya Sani: Babban ciwon kanmu dai tokar da ke narkewa tana manne wa bututu. Farar wuta kuwa a hayaƙi take fita, kuma muna da na'urar auna shi daban.

Injiniya Garba: To na janye. In dai wannan ne, sodiyam da ƙarfe za ka sa wa ido, leza ta dace da kai. Kana ganin sun hau, sai ka sauya gaurayen kwal tun kafin ya kai injin niƙa.

Malam Habu: Sharaɗi guda, kada ka yarda da saitin da suka zo da shi daga masana'anta. Lissafin na'urar daga samfuran da aka horar da ita yake koyo, kwal ɗin wata mahaƙa kuma ba ya amsa wa leza kamar na wata. Da an sauya mai kawo kaya, a sabunta saiti. Ka kuma tambaye su yadda ake kare gilashin tagar daga ƙura. In babu busasshiyar iska mai hura shi kullum, haske zai riƙa dusashewa, kai kana ɗauka kwal ne ya canza. Danshi kuwa, ka haɗa da ma'aunin maikurowef.

Hajiya Rabi: Kuma don Allah a gaya wa shugabanni ɗakin gwaji na nan daram. Biyan mai kawo kwal da sakamakon kalorimita, ma'aunin ƙarfin zafi, ake yi, da tokar da aka ƙona a digiri 815 bisa ISO 1171. Leza ta mai tuƙa tukunya ce.

Injiniya Sani: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ce su fara gwada samfuranmu ba tare da sun ga sakamakonmu ba, sai mu gwama.

Hajiya Rabi: Madalla. Ka cusa mafi munin kwal ɗinku a ciki, sannan ka raba samfuri ɗaya gida biyu, kowanne da lambarsa daban, kada su sani.