Neman shawara: in sa kuɗina a kamfanin haƙar ma'adinai?

Mai albasa, Mile 12: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 11 ina sayar da albasa a nan Legas, na tara naira miliyan 4 da niyyar sayen fili a gida. Sai wani abokina ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani mai sayar da hannun jari. Sun ce suna da lasisin litiyam (ma'adinin da ake yin batir da shi) a Nasarawa, suna kuma neman wurin zinariya a Mali, wai cikin shekara guda za a fara raba riba. Zuciyata ta karkata, amma kuɗin nan gumina ne. Me kuka gani?

Ɗan canji, Agege: Wa'alaikumus salam. Malam, kafin komai ka tambaye su wane irin lasisi ne. Na bincike daban, na haƙa daban. Lasisin bincike na shekara 3 ne, ana iya sabunta shi, amma izinin dubawa ne kawai, ko akwai abin a ƙasa ko babu. Ka karɓi lambar lasisin, a duba maka a Ofishin Kadasta na ma'adinai da ke Abuja. A Nuwamba 2023 ministan ma'adinai Dele Alake ya soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan kuɗin shekara, don haka takarda a hannu ba hujja ba ce.

Hajiya mai atamfa, Idi-Araba: Ƙanina, rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kaɗai ba ta isa ba. Mai sayar wa jama'a hannun jari sai da amincewar hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Su nuna maka.

Injiniya, Ikeja: Alhaji, ni "shekara guda" ɗin nan ce ta tsaya min a rai. Dubi Segilola a jihar Osun. Kamfanin Thor Explorations ya sayi wurin a 2016, sai 2021 zinariya ta fara fitowa, kuma da ma an san tana nan tun da daɗewa. Ƙaramin kamfani ba ya da kuɗin shiga a duk wannan tsakanin, huda ƙasa da gwajin dutse kuwa cin kuɗi suke. In aljihu ya bushe sai su fitar da sababbin hannayen jari, kasonka ya ƙanƙance kana zaune. Ga farashin litiyam da ya yi tashin gwauron zabi a 2022, ya rikito ƙasa a 2023. Mali ma ta sauya dokar ma'adinanta a 2023, ta ƙara kason gwamnati. Ban ce macuta ba ne, wallahi arzikin yana nan a ƙasa. Amma kada ka taɓa kuɗin filin. In ka matsu, sa abin da ko ya yi shekara 5 a kwance ba zai hana ka saro albasa ba.

Mai albasa, Mile 12: Allah ya saka da alheri. Na kira su yanzu, sun ce lasisin bincike ne, ba su ma fara huda ba. Na nemi lambar, sun ce sai gobe. Yaya Hajiya, ta yaya ake duba sunan kamfani a wajen SEC ɗin?