Feshin Maganin Fangas a Ciyawar Ado a Sakkwato: Rigakafi ko Ɓarnar Kuɗi?

Mai Shagon Magani: Jama'a, maganata ɗaya ce. Duk mai ciyawar ado a garin nan, kiri-kiri ce ko kafet, ya riƙa feshin maganin fangas, wato ƙwayoyin cuta dangin funfuna da ke kama tsiro, kowane wata, rani da damina. Rigakafi ya fi magani.

Malamin Gona: Alhaji, ban yarda ba. Fangas sai ganye ya daɗe a jiƙe yake samun shiga. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu kan haura digiri 40, iska a bushe, raɓa babu. Ciyawar da ta yi ja a lokacin, galibi ƙishirwa ce, ko gara, ko gwazarma daga takin da bai ruɓe ba. Soka sukudireba a wurin: in ta ƙi shiga, ruwa ne bai kai ba. In ciyawar ta ɗago gaba ɗaya ba saiwa, ɓarnar daga ƙarƙashi take. Maganin fangas ba ya taɓa ko ɗaya cikinsu.

Hajiya Mai Gandun Fulawa: Malam, a rani ka yi gaskiya. To Agusta fa? Ga hadari, ga zafi, ga mai gida ya zuba yuriya don ta yi kore shar. Nan ake ganin cuta, kuma ba iri ɗaya ba ce. In tabon ƙanana ne, launin kara, da sassafe ka ga farin zare-zare kamar saƙar gizo a kai, ciyawar na fama da yunwa, taki kaɗan ma kan taimaka. In da'ira ce babba, ka ja ganye ya zare da sauƙi gindinsa a ruɓe, fangas ɗin da ake kira Rhizoctonia ne. In wurin ya yi baƙi-baƙi da yauƙi, yana bin hanyar ruwa, cutar da ake kira Pythium ce, kuma cikin kwana biyu za ta iya cinye wuri.

Mai Shagon Magani: Kun gani? Hajiya ta zo layina. Wa zai jira kwana biyun nan?

Hajiya Mai Gandun Fulawa: A'a, Alhaji, kar ka ja ni. Da wane maganin za ka yi na wata-watan? Propiconazole ba ya kama Pythium, sai irin su metalaxyl, wanda ke cikin Ridomil. Azoxystrobin na maganin Rhizoctonia, amma kan ƙananan tabon nan ba ya taɓuka komai. Kuma in ka nace wa guda ɗaya, fangas ɗin zai saba, ranar da kake buƙata ba zai yi aiki ba. Duba lambar rukuni a kwalba: azoxystrobin 11, propiconazole 3. Masu lamba ɗaya aikinsu iri ɗaya ne, don haka sauya rukuni ake yi.

Baba Mai Kula da Filin Ƙwallo: 'Ya'yana, kun manta da mai feshin. Rabin maganin da ake cewa jabu ne, hannu ne ya ɓata shi. Kimanin lita 8 na ruwa ake so a murabba'in mita 100, wato famfon goyo mai lita 16 ya ƙare a mita 200. Yaro ya ruga da shi ya zagaye gida duka, me ya fesa? A gwada da ruwa zalla tukuna, sannan a auna magani yadda takardar jikinsa ta ce, ba da murfin kwalba ba. Maganin mancozeb a kan ganye yake zama, kwana 7 zuwa 14, ruwan sama mai ƙarfi ya wanke shi, don haka kar a yi ban ruwa bayansa. Propiconazole kuma a tsakar zafi yana tsumburar da kiri-kiri. A sa safar hannu da takunkumi, yara da awaki su jira ta bushe, kuma ciyawar da aka yanke bayan feshi kar a ba tumaki.

Malamin Gona: Na gode, Baba. Ni matsayina: a daina ban ruwan magariba, a koma na asuba, a rage yuriya a damina, a wasa wuƙar injin yanka, kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye. Feshi sai an ga cuta.

Baba Mai Kula da Filin Ƙwallo: Nan muka rabu da kai, Malam. Wurin da ruwa ke kwanciya, wanda ya kamu bara ya kamu bara waccan, ba a jiran tabo. A ƙarshen Yuli a fesa wannan ɓangaren kaɗai, a maimaita bayan mako uku.

Mai Shagon Magani: To ai rigakafin ke nan, Baba.

Baba Mai Kula da Filin Ƙwallo: Sau biyu a lungu ɗaya na ce, Alhaji. Kai sau 12 ka ce, gida duka.