Garin furotin ko waken suya: muhawara a zauren masu ɗaga ƙarfe na Birnin Kebbi

Ɗan Poli: Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawara. Wata huɗu ke nan ina ɗaga ƙarfe, amma jiki ya ƙi tashi, har yanzu kilo 62 nake. Na tara 'yan kuɗi daga abin da ake aiko min na makaranta, ina so in sayi robar garin furotin. Na ga iri biyu, ɗaya an rubuta Whey, ɗaya Mass Gainer, kuma na biyun ya fi girma ya fi araha. Wanne zan ɗauka?

Na Argungu: Wa alaikumus salam. Ka zo gida ka ci kifi, ka bar wahalar da kanka.

Ɗan Poli: Yaya da gaske nake wallahi.

Baban Ummi: Ƙanena, kafin ka fitar da ko sisi, bari mu yi lissafi. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar wajen giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Kai mai kilo 62, ka ce giram 100 ke nan. Wanda ba ya motsa jiki rabin haka ma ya ishe shi. To ludayi guda na garin Whey, wanda suke sakawa cikin robar, giram 30 ne na gari, furotin ɗin ciki bai wuce 24 ba. Ƙaramar roba mai giram 900 ludayi 30 ce, wata ɗaya ta ƙare. Sai ka tambayi kanka, watan gobe fa? Kayan nan daga waje ake shigo da su, dala na motsawa farashinsu na motsawa.

Shi kuwa Mass Gainer, arahar nan ba ta banza ba ce. Mafi yawansa sitaci ne da sukari, furotin ɗin kaɗan ne. Mu da muke zaune a jihar shinkafa, mu sayi sitaci da dala? Ka ƙara malmalar tuwo ɗaya da dare, an wuce wurin.

Mai Ƙarfe: Baban Ummi ya gama magana. Ni shekara shida ina wanga aiki, roba biyu kacal na taɓa saye. Waken suya nake amfani da shi. Giram 100 na busasshe yana da furotin kusan 36, kuma gwangwanin madara guda ya ɗan haura giram 100. Yadda nake yi: in sayi mudu biyu, a tsince, a wanke, a shanya, sannan a soya shi a busasshen kasko har ya yi ja-ja yana ƙamshi. A ɓarza a fece dusar. Sai in haɗa da soyayyar gyaɗa da gero kaɗan da citta, a kai inji. Da safe cokali huɗu cikin kunu ko fura. Abu ɗaya dai, kada ka yi gangancin shan shi ɗanye. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da furotin ɗin, wuta ce ke kashe shi. Wanda ya sha ɗanye ya san yadda cikinsa ya kwana.

Na Argungu: Kun ga ni da kuka ɗauka wasa nake. Busasshen kifi fiye da rabin nauyinsa furotin ne, tunda ruwan ya fita. Ƙananan nan da ake aunawa a kwano, ka daka su ka riƙa barbaɗawa a miya ko a wake da shinkafa. Mutanen Yauri ku zo ku tayani.

Ɗan Yauri: Mun shaida. Ka ƙara da ƙuli-ƙuli. An riga an matse man, abin da ya saura a tunkuzar ya fi ita kanta gyaɗar furotin. Amma ka duba wanda kake saye, in yana warin ruma ko ya yi ɗaci ka bar shi. Gyaɗa mai fumfuna tana da guba mai taɓa hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Ɗan Poli: To amma yayyena, a hostel nake. Ba kullum nake samun girki ba. Shi ya sa na ga garin ya fi sauƙi.

Baban Ummi: Wannan kuma hujja ce, ban ƙi ta ba. Ai amfanin garin ke nan, sauƙi. Ba wani sirri a cikinsa, daga madarar shanu ake yinsa, ruwan da ke tsatsowa idan an yi cuku shi ake busarwa ya zama gari. Amma ko a hostel ɗin akwai mai shayi, ƙwai ɗaya giram 6 ne, uku sun ba ka 18. Akwai masu awara a bakin ƙofa, ita ma waken suya ce. Akwai kindirmo. In ka haɗa waɗannan ka ga saura kaɗan ka cika 100 ɗin, sai ludayi ɗaya na garin ya cike, ko ma rabi, in rabi ne robar ta kai ka wata biyu.

Bawan Allah: In dai za ka saya, ka ji abin da ya same ni. Bara na gani a Facebook wani yana sayarwa ƙasa da rabin farashi, ya ce kwantan kaya ne. Na tura kuɗi aka sako min a mota. Da na buɗe, ledar bakin robar an sake manna ta ne, garin kuma da na zuba a ruwan zafi sai ya yi kauri kamar koko. Fulawa ce da madarar gari da ɗan garin cakulan don launi. Na kira lambar, har yau tana kashe. Ka je shago da ƙafarka, ka duba lambar NAFDAC, ka duba ranar lalacewa, ka duba hatimin baki. Kuma kada ka sayi wanda ake ƙullawa a leda ana cewa an raba roba ne.

Mai Ƙarfe: Allah Ya mayar maka da alheri. Amma Bawan Allah ka sha kunun dai ko? 😂

Bawan Allah: Yara suka shanye.

Malam Nas: Na makara, ina bakin aiki. Abu biyu zan ƙara. Na farko, wanda madara ke kumbura wa ciki, Whey ma zai iya yi masa haka, saboda akwai ragowar sukarin madara a ciki. Akwai wanda aka tace sosai, sai dai ya fi tsada. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya ƙara furotin sai ya ga likitansa. Na biyu ya fi damuna. Ɗan Poli, akwai waɗanda za su ce maka ga hanya mai sauƙi, su nuna maka ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe. Don Allah ka yi nesa da su. Da yawansu dexamethasone ne, wani maganin kumburi na asibiti. Ruwa da kitse yake tarawa, fuska ta kumbura, sukarin jini da hawan jini su tashi, naman jikin da kake nema kuma cinye shi yake yi. Muna ganin masu shan sa a asibiti.

Ɗan Poli: Subhanallahi, wallahi an taɓa yi min tayinsu. To shi kiriyatin fa Malam, wancan garin da masu ɗaga ƙarfe ke sha?

Malam Nas: Shi ba furotin ba ne, kuma ba ya cikin waɗancan ƙwayoyin. Giram 3 zuwa 5 ake sha a rana, don haka ƙaramar roba tana daɗewa. Yana ƙara ƙarfin ɗagawa kaɗan. Ka yawaita shan ruwa, balle da zafin garin nan. Amma in abinci bai isa ba, ka fara gyara abincin tukuna.

Na Argungu: Kuma ka riƙa barci. Ƙarfe biyun dare ina ganinka a kan layi.

Ɗan Poli: Karatu nake Yaya 😅 Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na fasa Mass Gainer ɗin. Mai Ƙarfe, gyaɗa nawa kake zubawa a mudu biyu na waken?

Mai Ƙarfe: Rabin mudu. In ta fi haka garin yana yin mai, ya dunƙule a inji, kuma ba ya daɗewa. Ka same ni gobe bayan asuba a filin wasa na Haliru Abdu, ka taho da roba mai murfi in ɗebar maka nawa ka gwada tukuna.